MINSHARI BA DAƊIN BARCI BA NE

Jama'a, wannan takarda ta masu gida ce da matan gida, da duk wanda ya ke da yaro a hannunsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Maganar da ke ciki ta minshari ce, da wani ciwo da ke ɓuya a bayansa, da yadda ƙirar muƙamuƙin mutum ta ke jawo shi.

Galibinmu mun ɗauki minshari abin dariya. In maigida ya cika gida da gurnani da dare, sai a ce gajiyar gona ce, ko a ce barci ya yi masa daɗi. In yaro ne, sai a ce ubansa ya gado. Gaskiya ne akwai minsharin da ba shi da wata illa sai hana na kusa barci. Amma akwai wani iri wanda numfashi ke ɗaukewa a cikinsa. Wannan ciwo ne sosai. Yana taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa, yana kuma hana yaro girma yadda ya kamata.

YADDA ZA KU GANE SHI

Mai wannan ciwo bai san yana da shi ba, domin barci ya ke yi. Wanda ke kwana kusa da shi, shi ne shaida. To, ke uwargida, ki kasa kunne. Za ki ji minshari yana tafiya, yana tafiya, sai ɗif, ya tsaya. Ƙirji yana motsi kamar mai kokawar jan iska, amma babu abin da ke shiga. Ki ƙirga a hankali, ɗaya, biyu, uku. In kin kai goma bai numfasa ba, numfashi ya ɗauke ke nan. Can sai ya sarƙe, ya zabura, ya ja iska da ƙarfi, ya juya, ya koma minsharinsa. Da safe in kin tambaye shi, sai ya rantse bai farka ba ko sau ɗaya.

Likitoci suna ƙirga sau nawa numfashi ke ɗaukewa, ko ya ragu ƙwarai, cikin awa ɗaya. Ga babban mutum, sau 5 zuwa 14 ƙaramin ciwo ne, sau 15 zuwa 29 matsakaici, sau 30 ko fiye kuwa mai tsanani. Ku yi lissafi da kanku: wanda ya kwanta awa 7, numfashinsa yana ɗaukewa sau 30 kowace awa, ya shaƙe sau 210 ke nan kafin gari ya waye. Yaro kuwa, ko sau ɗaya ko biyu ne a awa, abin dubawa ne.

A shekarar 1965 ne likitoci a Faransa da Jamus suka auna masu barci da na'ura, suka bayyana wannan ɗaukewar numfashi a fili. A 2019 masana suka ƙiyasta cewa manya wajen miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da shi. Ba ciwon birni ba ne kaɗai, ba kuwa na masu kuɗi ba ne kaɗai.

ABIN DA KE FARUWA A MAƘOGWARO

Iskar da mu ke shaƙa ta hanci ta ke bi, ta gangara ta bayan ganɗa, watau rufin baki, ta wuce ta bayan harshe, sa'an nan ta shiga maƙoshi zuwa huhu. Hanci yana da ƙashi da guringuntsi. Maƙoshi ma yana da zobba na guringuntsi masu riƙe shi a buɗe. Amma tsakaninsu, can bayan harshe, babu ƙashi ko kaɗan, tsoka ce kawai ke riƙe da hanyar. Masu noman rani sun san tiyon da ya tsufa ya yi laushi. In inji ya ja ruwa da ƙarfi, sai tiyon ya tsuke ya manne, ruwa ya tsaya. Haka wannan wuri ya ke.

Sa'ad da mutum ya ke farke, tsokar nan a ɗame ta ke. In barci ya yi nauyi, sai ta saki. Wanda hanyarsa ke da faɗi ba ya jin kome. Wanda tasa ke da ƙunci, iska da ƙyar ta ke wucewa, tana kaɗa nama, ƙarar kaɗawar nan ita ce minshari. In hanyar ta rufe gaba ɗaya, iska mai amfani da ke cikin jini, wadda a ke kira oksijin, sai ta ragu. Ƙwaƙwalwa ta firgita, ta tashe shi na ɗan lokacin da ba zai tuna ba, zuciya ta buga da ƙarfi, hanya ta buɗe. Da barci ya koma, abin ya koma.

INA RUWAN MUƘAMUƘI?

Watakila wani ya ce, to, ina ruwan muƙamuƙi da numfashi? Ga amsa. Harshe a ɗaure ya ke da ƙashin haɓa ta ciki, kamar akuya da turke. In turke yana gaba, akuya tana gaba. In an kafa turke a baya, akuya ta koma baya ta tare ƙofa. Mutumin da muƙamuƙinsa na ƙasa ƙarami ne, ko ya koma ciki, harshensa a bakin hanyar iska ya ke zaune. Da ya kwanta rigingine barci ya ɗauke shi, sai harshen ya faɗa baya ya toshe ta.

Ku gwada yanzu. Ku ja haɓarku baya, ku kwaikwayi minshari, za ku ji yana fita da sauƙi. Sa'an nan ku turo muƙamuƙin ƙasa gaba, har haƙoran ƙasa su wuce na sama, ku sake gwadawa. Za ku ji ya yi wuya. Saboda wannan dalili ne ma'aikatan asibiti ke ɗaga haɓar wanda ya suma, don harshe kada ya rufe masa numfashi. Wani likitan baki na Faransa, Pierre Robin, ya bayyana wannan tun 1923, ga jariran da a ke haifa da 'yar ƙaramar haɓa.

Muƙamuƙin sama ma yana da nasa. Ku dubi gidan bene: rufin ɗakin ƙasa shi ne daɓen ɗakin sama. Haka ganɗa ta ke, rufin baki ce, kuma daɓen hanci ce. In ta yi ƙunci ta yi zurfi, hanci ya ƙuntata, harshe kuma ya rasa wurin zama a sama, sai ya sauka ya ja baya.

Saboda haka kada ku ce ai wane siriri ne, ba zai yi wannan ciwo ba. Ƙiba ce babbar mai jawo shi ga manya, amma siriri mai ƙaramar haɓa ma yana yinsa. Wanda ya haɗa biyun kuwa, nasa ya fi nauyi.

ABIN DA KE ƁATA MUƘAMUƘIN YARO

Na ɗaya, gado. Ƙirar fuska daga iyaye a ke samunta. In uba mai ƙaramar haɓa ne mai minshari, a sa ido a kan 'ya'yansa.

Na biyu, numfashi ta baki. Akwai ƙululun nama biyu a maƙogwaro, dama da hagu, likitoci na ce musu tonsil, da wani kuma a ɓoye can bayan hanci. Su kan kumbura ga yara, galibi tsakanin shekara 2 zuwa 8, su ne kuwa suka fi jawo wa yara wannan ciwo. Murar da ba ta ƙarewa, da ƙurar hunturu, da hayaƙin itace ko na taba a ɗaki, su ma suna toshe hanci. Yaron da hancinsa ya toshe, tilas ya bar baki a buɗe dare da rana. Harshe ya bar ganɗa, kumatu suna matsa haƙora ta waje, babu mai tokare su ta ciki. In aka yi shekaru a haka, sau da yawa muƙamuƙin sama ya kan tsuke, fuska ta yi tsawo, haɓa ta ja baya. Toshewar hanci ta ɓata muƙamuƙi, muƙamuƙi kuma ya ƙara ƙuntata hanyar iska.

Na uku, tsotsar yatsa bayan shekara 4. Tana turo haƙoran sama waje, tana tsuke ganɗa. A raba yaro da ita ta lallashi, ban da duka.

Na huɗu, rauni. Yaron da ya faɗo daga bisa itace ko bayan jaki ya bugi haɓa, mai yiwuwa ne gaɓar muƙamuƙi da ke gaban kunne ta fashe ba a sani ba. Ciwon kunne mai zubar da ruwa, da ciwon noma mai cin naman baki, su ma suna iya kama wurin. Gaɓar ta sandare, baki ya ƙi buɗuwa sosai, muƙamuƙi ya daina girma. Duk yaron da buɗe baki ya fara yi masa wuya bayan faɗuwa ko ciwo, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

Ku sani kuma, yara masu sikila sun fi sauran yara samun ɗaukewar numfashi cikin barci, raguwar iska a jini kuwa ta fi yi musu lahani. Minsharinsu ba abin rainawa ba ne.

ALAMUN DA ZA KU DUBA

Ga yaro: minshari kusan kullum, ko ba ya mura. Barci da baki buɗe, wuya a miƙe baya. Yawan juye-juye da zufa da dare. Fitsarin kwance bayan ya wuce shekarunsa. Rashin girma kamar tsararsa. Da rana kuma, yaro ba kamar babba ba ne. Maimakon gyangyaɗi, sau da yawa sai ya zama mai ƙiriniya da saurin fushi, ba ya zama wuri ɗaya, karatu ba ya zama a kansa. Iyaye da malamai, ku lura da wannan. Akwai yaron da a ke bulala a kan daƙiƙanci ko fitsarin kwance, alhali kuwa barci ne bai samu ba tun shekaru.

Ku sa yaro ya cije haƙora, ku dube shi ta gefe. Daidai shi ne haƙoran sama su ɗan rufe na ƙasa kaɗan. In yatsa zai shiga tsakaninsu, ko haɓa ta shige ciki ƙwarai, ko haƙora sun cunkushe suna hawan juna, ko ganɗa ta yi zurfi kamar kwarin kwalekwale, a nuna wa likitan haƙori. Ba duk mai irin wannan baki ne ke da ciwon ba. Amma in ya haɗu da minshari, kada a yi shiru.

Ga babba: tashi da ciwon kai da bushewar baki. Yawan fita fitsari da dare. Farkawa a firgice kamar an shaƙe shi, har wasu su ce dannau ne. Gajiya ko ya kwana tun bayan lisha. Gyangyaɗi a zaure ana cikin magana. Mantuwa da saurin fushi. Wuya mai kauri, wanda ya kai inci 17 ga namiji ko 16 ga mace. Maza sun fi yinsa, amma mata ma suna yi, musamman bayan al'ada ta ɗauke. Mai ciki da ta fara minshari mai ƙarfi ta faɗa wa ungozomar asibiti ranar awo, a auna jininta.

ILLARSA

Zuciyar da a ke firgitawa sau ɗari biyu kowane dare ba ta hutawa. Daga nan hawan jini ke samun ƙofa, har irin wanda a ke shan magani iri biyu ko uku bai sauka ba. Mai wannan ciwo ya fi kusa da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon zuciya, da ciwon sukari. Kai direban mota, da kai ɗan acaɓa, da kai mai aiki da injin niƙa, naku ya fi gaggawa. Gyangyaɗin sakan biyu a kan hanya ya isa ya mai da gida na marayu, ba naka kaɗai ba, har na waɗanda ka ɗauko. In barci yana fizgarka a kan aiki, ka ajiye tuƙi sai likita ya duba ka.

MAGANIN YARA

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Ƙashin fuskar yaro yana cikin girma, ana iya bi da shi. Ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka tana ba da shawara a duba bakin kowane yaro kafin ya wuce shekara 7, lokacin da haƙoran girma suka fara fitowa.

Abu na fari, likitan hanci da maƙogwaro ya duba. In toshewar ƙarama ce, akwai maganin fesawa a hanci. In ƙululun naman nan ne suka cika hanya, a kan cire su a asibiti, yara da yawa kuwa daga nan su ke warkewa.

In minshari bai tafi ba, ko kuwa an ga ganɗa ta yi ƙunci, sai likitan haƙori ya shigo. Muƙamuƙin sama ƙashi biyu ne, dama da hagu, da ɗinki a tsakiya, ɗinkin kuwa ba ya haɗewa sai wajen balaga. Likita ya kan manna wani ɗan ƙarfe a haƙoran sama, mai ɗan makulli. Iyaye su riƙa juya shi kaɗan-kaɗan yadda aka nuna musu, har 'yan makonni, sa'an nan a bar shi wasu watanni ƙashi ya cike. Ganɗa ta faɗaɗa, hanci ya faɗaɗa tare da ita. Za ku ga wushirya ta buɗe, kada ku tsorata, ta kan rufe daga baya. Wannan dabara tsohuwa ce, wani likitan haƙori na Amurka, Emerson Angell, ya bayyana ta tun 1860. Akwai kuma abin da a ke sa wa yaro mai tasowa a baki, ya riƙa riƙe muƙamuƙin ƙasa a gaba lokacin da ƙashi ke saurin girma.

Amma fa ku gane, wayar da a ke ɗaura wa haƙora don su jeru, aikinta jera haƙora ne. Ita kaɗai ba ta maganin ɗaukewar numfashi. Kada kuma ku bar wanda ba likita ba ya ɗaura wa ɗanku waya don ado, haƙoran su ke kashewa.

MAGANIN MANYA

Babba ƙashinsa ya riga ya ƙosa, amma bai rasa magani ba. Da fari likita zai so ya auna barcin, da na'urar da a ke kwana da ita, mai ƙirga numfashi da iskar jini. Bayan haka ga abin da a kan yi:

Rage ƙiba. Ko kashi ɗaya cikin goma na nauyin jiki aka rage, ciwon ya kan yi sauƙi a fili.

Abin riƙe muƙamuƙi. Likitan haƙori ya auna bakin mutum, ya yi masa wata roba mai hawa haƙoran sama da na ƙasa. Da dare kaɗai a ke sa ta. Tana riƙe haɓa a gaba kaɗan, watau a matso da turke gaba, akuya ta bar ƙofa. Ta fi amfani ga ƙaramin ciwo da matsakaici, ba ta kuwa bukatar lantarki, saboda haka ta dace da zaman ƙauye. Sai dai tana bukatar haƙora masu ƙarfi da dasashi mai lafiya. Da fari ta kan kawo yawan miyau da tsamin muƙamuƙi da safe, in an daɗe kuma ta kan ɗan gusar da haƙora, don haka a riƙa komawa wurin likita yana dubawa.

Na'urar hura iska, wadda likitoci ke kira sipap. Wani likita na Ostireliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Ana sa ta a hanci, tana hura iska a hankali, ta riƙe hanya a buɗe har safe. Ita ce gaba ga mai ciwo mai tsanani, amma tana son lantarki ko sola kowane dare.

Aikin tiyata. In ƙashin ne ya koma baya ƙwarai, sauran dabaru kuma sun ƙi, likitocin ƙashin fuska su kan matso da muƙamuƙin sama da na ƙasa gaba, kamar santimita 1. Babban aiki ne, sai a manyan asibitoci.

MAGANAR BELI

Wasu in sun ji yaro yana minshari, sai su kira wanzami ya yanke masa beli. 'Yan'uwa, ku bar wannan. Ba mu ce a raina wanzamai ba, suna da sana'arsu da girmansu. Amma kun ga yanzu inda ciwon ya ke, bayan hanci ne, da gefen maƙogwaro, da gindin harshe, da ƙirar ƙashi. Yanke beli bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da ya kan biyo baya shi ne zubar jini, da ruɓewar rauni, da ciwon sarƙe-haƙora, da ciwon hanta ko ƙanjamau in ƙarfe ɗaya ya bi yara da yawa. An yi asarar jarirai ta wannan hanya.

ABIN DA ZA KU YI TUN DAREN YAU

1. Ku saurari barcin mutanen gidanku dare biyu ko uku. In akwai waya mai ɗaukar hoto, a ɗauki mai barcin minti biyu ko uku, a nuna wa likita.

2. Babba mai minshari ya kwanta a gefe, ba rigingine ba. A ɗinka aljihu a bayan tsohuwar taguwa, a sa ƙwallon goriba, in ya juya rigingine za ta tashe shi. Wannan ban da jarirai. Jaririn da bai kai shekara ba rigingine a ke kwantar da shi, sai in likita ya ce a yi dabam.

3. A guji giya, da ƙwayar sa barci, da maganin tari mai bugarwa, da taramol. Duk suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro, suna kuma hana ƙwaƙwalwa tashin mutum da wuri.

4. Kada a hura wuta ko a sha taba a ɗakin da yara ke kwana.

5. A ba jariri nono zalla wata 6, a ci gaba da shayar da shi har shekara 2. Tsotson nono aiki ne ga muƙamuƙi, yana taimakonsa ya girma daidai.

6. Mai minshari ya zo disfensare ko asibitin da ke kusa a auna jininsa. Mu ba mu da na'urar auna barci, amma za mu duba maƙogwaro da baki, mu rubuta takardar zuwa babban asibiti. Akwai likitocin haƙori da na hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da sauran asibitocin koyarwa. Yaran da noma ta ɓata wa baki kuwa, akwai asibitinsu a Sakkwato.

Kai maigida, in iyalinka ta ce numfashinka yana ɗaukewa, kada ka ɗauka raini ne, ita ke farke sa'ad da ka ke barci. Ke uwargida, kada kunya ta hana ki faɗa, ko ki gaya wa babban ɗanku ko aminin maigida ya yi masa magana. Kuɗin mota zuwa asibiti yau bai kai wahalar jinyar shanyewar ɓarin jiki gobe ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da barci mai amfani, amin.